Kududdufan Birnin Zariya Da Daren Da Muka Kwana A Bakin Galma

A ƙarshen watan Agustan bara na je gida Zariya ɗaurin auren 'yar yayana. Da aka shafa fatiha jama'a suka watse, sai na kira ɗana da ɗan ƙanwata, na ce su zo in nuna musu inda na koyi iyo. Muka bi lungun bayan gidanmu, wanda ko an ɗaure mini ido ba zan ɓata a cikinsa ba, muka wuce tsohuwar rijiyar unguwa, muka karkata dama. A wurin da na san ruwa shimfiɗe har gindin wani tsohon rimi, sai na tarar da jerin shaguna da wani gidan bulo mai bene. Rimin ma babu shi. Abin da ya rage na kududdufin bai fi faɗin tsakar gida biyu ba, kainuwa ta rufe shi ruf, ledoji da robobi sun kewaye bakinsa. Ɗan ƙanwata ya toshe hanci, ya dube ni ya ce, "Kawu, a cikin wannan kuka riƙa wanka?" Na buɗe baki zan ce masa da ba haka yake ba, sai na ga ba ni da shaida ko ɗaya da zan nuna masa. Muka juyo gida shiru.

Tambayar yaron nan ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin na tabbata ba kududdufin unguwarmu kaɗai ne ya shiga wannan hali ba.

Wanda bai tashi a tsohon birni ba zai iya ɗauka kududdufi rami ne kawai da ruwan sama ya taru a ciki. Mu da muka tashi a bakinsa mun san hannun mutum ne ya haƙa shi. Birnin Zariya da ƙasa aka gina shi. Magini zai haƙo jar ƙasa, ya kwaɓa ta da ciyawa, ya mulmula tubali ya shanya, ya ɗora bango, ya rufa da azarar giginya, sannan a shafe da makuba don kada ruwa ya zaizaye. Bayan kowace damina kuma sai an koma an ɗebo ƙasar yaɓe. Saboda haka duk katangar da ka gani tsaye a birni, akwai ramin da ta fito daga cikinsa a kusa. Haka ganuwar da ta kewaye garin, mai tsawon fiye da kilomita goma, tun daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona, Ƙofar Bai, Ƙofar Galadima, Ƙofar Jatau da sauransu. Haka tsohon Masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda masana gine-gine ke zuwa kallonsa daga ƙasashe masu nisa. Muna alfahari da ganuwa da masallaci, muna kai baƙi su ɗauki hoto, amma ba wanda ya taɓa kai baƙo ya nuna masa ramin da ya ba da ƙasar.

Tun asali ma cikin ganuwa ba gidaje ne zalla ba. Baturen nan matafiyi Hugh Clapperton, wanda ya ratso ta Zariya a 1826, ya ba da labarin gonaki da wurare masu dausayi da ya gani a cikin birni. Magabata sun bar waɗannan filaye da gangan, domin idan maƙiya suka yi wa gari ƙawanya a sami abin ci da abin sha ba tare da an buɗe ƙofa ba. Ko bayan da yaƙi ya wuce, filayen da ramukan sun ci gaba da wani aikin da ba a cika lura da shi ba. Zariya na samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba, mafi yawa a Agusta. Ruwan da ya sauko daga indararon kowane soro sai ya bi lungu ya gangara kududdufi, ya zauna a can, ya riƙa nutsewa a hankali yana ciyar da rijiyoyin unguwa har cikin rani.

Bari in gaya wa mai karatu yadda yini guda yake a bakin namu, lokacin da nake ɗan firamare. Kafin rana ta fito masu wanki sun kama wurarensu, kowa da dutsensa, ana jin bugun tufafi tun daga zaurenmu. Da hantsi sai masu jakuna su iso da mangala, su gangara ɓangaren da ruwa bai kai ba su ɗebi ƙasa. Ranar Alhamis kuwa, da yake babu karatun allo, almajirai ne ke cika wurin, su wanke 'yan rigunansu su shanya a kan ciyawa, su zauna tsirara-tsirara suna jiran su bushe. Idan Sallah ta matso, barorin masu sarauta kan kawo dawaki a wanke su a goge, domin hawan Sallah da na Bariki da na Daushe. Mu yara mukan tsaya daga nesa muna musu a kan dokin wa ya fi na wa.

Bayan azahar wurin namu ne. Wanda bai iya iyo ba sai ya rungumi gora ya riƙa buga ƙafa a bakin gaɓa, manya na yi masa dariya, har ranar da zai saki goran bai sani ba. Wanda ya ƙware sai ya hau tudun da ke gefe ya yi alkafura ya faɗa. Mukan yi gasar nutso, a ga wanda zai fi daɗewa a ƙasa, mukan kuma tsinko bado mu ci. Masu haƙuri a cikinmu su ne 'yan fatsa: a lanƙwasa allura a wuta, a ɗaura zare, a sa guntun kara ya zama alama, a tono tana a soka. Karfasa 'yar mitsitsiya idan ta kama, sai ka ga yaro ya ruga gida da ita kamar ya kamo giwan ruwa. Da la'asar sakaliya dattawa kan shimfiɗa buzu da tabarma a gindin rimi, wasu na dara, wasu na sauraron rediyo, balbelu na dawowa jere-jere. Da dare kuma kwaɗi su karɓi fage, su yi ta yi har mu yi barci.

Da rani ruwa kan ja baya, sai bakin kududdufi ya koma lambu: latas, alayyafo, albasa da tumatir. Masu tubali su jera nasu a rana kamar tulin ƙwai. A nan na fara ganin an tono gaiwa daga busasshiyar laka, da ranta, tana naɗe tana jiran damina. Ranar da muka hangi shamuwa a kan rimi kuwa, ba ma bukatar kowa ya gaya mana ruwa ya kusa. Iyakar abin da na sani na tsuntsaye da kifaye da juyin yanayi, a nan na fara koyonsa, tun kafin malamin kimiyya ya rubuta mana a allo.

Sai dai zan ci amanar mai karatu idan na tsaya a nan, domin kududdufi ya ci mu kamar yadda muka ci shi. Kusan duk sa'o'ina sun yi fitsarin jini, har wasu na ɗaukarsa alamar girma. Sai da na yi karatu na san tsargiya ce, cutar da wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsarta a Alƙahira a 1851. Mai ɗauke da ita zai yi fitsari a ruwa, ƙwayayen su ƙyanƙyashe su shiga jikin katantanwa, su fito su huda fatar mai wanka, su girma a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara. Idan aka bar ta ta daɗe takan lalata mafitsara da ƙoda, alhali akwai maganinta mai sauƙi, praziquantel, wanda ake rabawa a makarantu. Ga kuma sauro da zazzaɓinsa. Mafi muni shi ne ranar da ƙanen wani abokina ya bi mu ba mu sani ba. Gefen da aka fi haƙar ƙasa yana da zurfi, kuma ba shi da gangare. Sai bayan magariba aka ciro shi. Har yau ina tuna yadda aka ɗauko shi a tabarma, da yadda mahaifina ya yi mini dukan da bai taɓa yi mini ba, yana yi hannunsa na rawa. Saboda haka idan uwa ta ce gara a cike ramin kowa ya huta, ba na ganin wautarta.

Amma ga abin da ya biyo bayan cikewar. Kwana biyu da ɗaurin auren nan, ruwa ya sauko bayan sallar isha'i, bai ɗauke ba sai gab da asuba. Lungunmu ya zama rafi. Ruwa ya shigo zaure ya kai gwiwa, ya ratsa tsakar gida ya shiga ɗakunan mata, muka kwana muna kwalfa da bokitai da kwanoni. Katangar maƙwabcinmu ta zube, Allah Ya kiyaye ba kowa a gindinta. Da gari ya waye na sami yayana a ƙofar gida, wandonsa naɗe, yana kallon lakar da ta rage. Na ce, "Yaya, a da ma haka ake yi?" Ya ce, "Kai ma ka san ba a yi. Ruwa bai manta hanyar gidansa ba. Ya zo ya tarar an gina shago, shi ne ya shigo namu."

Ba zan kama sunan kowa ba, domin laifin ya game mu duka. Da aka koma ginin bulo da siminti, bukatar ƙasar gini ta ragu, sai kududdufi ya rasa masu kula da shi. Jama'a ta ƙaru, shara ta ƙaru, kuma sharar yau leda ce da roba, ba ta ruɓewa kamar ta da. Kowane gida ya juyo da kwatarsa can. Idan juji ya cika gefe guda ya taurare, sai wani ya zuba 'yar ƙasa a kai, ya kafa turaku, gobe ka ji an sayar. Gidan da aka ɗora a kan shara kuwa bangonsa ba ya rabuwa da danshi da tsagewa. Mai saye ya cutu, maƙwabta sun cutu, rijiyoyi sun gurɓace ko sun ƙafe, yara kuma sun rasa filin da ya rage musu.

Abin ya tsaya mini a rai, har na yi wa yaran nan biyu alkawarin zan kai su su ga ruwa na gaske. Da hutun Disamba ya zo muka cika alkawari. Zariya ba ta rasa ruwa ba. Kogin Kubanni ya ratsa tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari, a kansa ne Jami'ar Ahmadu Bello ta yi madatsarta a Samaru a 1973, inda ɗalibai kan je shan iska da yamma. Shi kuma Kubanni a Galma yake zubewa, Galma ta gangara ta haɗu da kogin Kaduna. Mu Galma muka nufa, gabas da gari, wurin wasu masunta da wani abokina ya sani, waɗanda kan kafa bukkoki a bakin ruwa idan kaka ta wuce. A zamanin nan ba a kwana a daji da ka, don haka sai da muka fara gaida mai unguwar ƙauyen da ke kusa, muka faɗa masa ko mu su wane ne, ya haɗa mu da yaronsa ya raka mu.

Sansanin bai fi bukka biyar ba, na kara da zana, an ja leda a kan wasu. Ga kwalekwale biyu a ɗaure, ga taru a shanye a kan turaku, ga wurin banda yana hayaƙi. Bayan bukkokin fadama ce shimfiɗe, rake da tumatir da albasa, injinan ban-ruwa na ta ƙugi. Babbansu dattijo ne mai furfura, ya karɓe mu da fara'a. Na ce, "Baba, mun zo mu dame ku da kwana." Ya ce, "Malam, bakin ruwa ba na kowa ba ne. Ku dai yaran nan kada su taka ruwa sai da ni." Muka kafa ɗan tantin da na aro, yaran na ta gardamar wace igiya ce ta wane turke.

Da yamma dattijon ya sa su a kwalekwale, ya zaunar da su a tsakiya, ya hana su motsi. Ɗansa ya tsaya a goshin jirgi ya wurga birgi, ta buɗe a sama ta faɗa ruwa. Da ya jawo, ga karfasa da 'yan tarwaɗa suna fisge-fisge. Ɗana, wanda a gida ko cokali ba ya ɗaukewa, shi ne ya dage sai ya taya fiɗa. Muka yi magariba a kan yashi, dattijon ya ja mu. Aka hura wuta, aka gasa kifi da gishiri da yaji, aka ɗora shayi. Hunturu ya sauko da ƙarfinsa, kowa ya ja bargo ya matso. Wayar yaran ta mutu tun la'asar, kuma ba wanda ya tambayi inda zai yi caji. Ɗan ƙanwata ya kwanta rigingine ya daɗe, can ya ce, "Kawu, ashe taurari suna da yawa haka?" Na nuna masa kaza da 'ya'yanta, kamar yadda kakata ta nuna mini a tsakar gidanmu lokacin da babu lantarki.

Hira ta kai mu ga kifi. Dattijon ya ce abin da yake kamawa a jifa ɗaya yana saurayi, yanzu sai ya yini bai haɗa shi ba. Ya ɗora laifin a kan masu sa raga mai ƙananan idanu da ke kwashe har 'ya'yan kifi, da maganin feshi da ke gangarowa daga gonaki, da yashi da ke cike gurbin ruwa, da dattin gari. Ya ce, "Ledar da kuka yar a birni, Malam, nan take iske mu. Wata rana in jawo raga da nauyi in yi murna, ashe buhun shara ne." Na ba shi labarin kududdufinmu. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ai uwa ɗaya ce ta haife su. Wanda ya raina ƙaramin ruwa ba zai girmama babba ba."

Da asuba hazo ya kwanta a kan kogi, zalɓe na tsaye a gefe da ƙafa ɗaya, masunta sun riga sun fita duba ragar da suka kwana da ita. Kafin hantsi mata masu sarin kifi sun iso a kan babura, ana ciniki ana barkwanci. Abin da muka zo yi a matsayin shaƙatawa, su shi ne abincinsu da kuɗin makarantar 'ya'yansu. Muka naɗe tanti, muka tsince duk abin da muka zo da shi, muka yi sallama. A mota yaran ba su yi maganar komai ba sai yaushe za mu dawo.

A hanya na yi ta tunani. Ni ina da mota da abokin da ya san masunta. Ɗan mai faci da ke Kwarbai ko Kusfa ko Limancin Kona, wa zai kai shi Galma? Wurin shan iskarsa shi ne wanda ƙafarsa za ta iya kai shi, wato kududdufin bayan gida, idan akwai saura. Masu hali na kai iyalansu wuraren wasa na kuɗi a Kaduna da Abuja. Talaka kuwa magabata sun bar masa nasa kyauta, mu ne muke binne shi da shara.

Wasu ƙasashe sun yi irin kuskurenmu, sun dawo suna biyan kuɗi mai yawa don gyarawa. A birnin Seoul na Koriya ta Kudu an taɓa rufe wani rafi da kankare aka ɗora babbar hanya a kansa. Tsakanin 2003 da 2005 sai da suka rushe hanyar suka tono rafin, yau ya zama wurin da mutanen birnin ke zuwa hutawa. Ƙasar Sin kuma a 2015 ta zaɓi birane 16 ta fara gwajin tsarin da take kira birni mai kama da soso, wato a bar tafkuna da filaye a cikin gari su tsotse ruwan sama maimakon ya malale cikin gidaje. Abin da suke kashe dukiya suna ƙirƙira, Zage-zagi sun gaje shi tun zamanin ganuwa.

Ba ina cewa a bar kowane rami yadda yake ba. Wasu sun riga sun zama masai, cike su a mai da su fili ya fi. Abin da nake roƙo shi ne a tashi tun da sauran abin ceto. Na farko, a ƙidaya kududdufan da suka rage, a auna su, a sa su a taswira. Wannan bai fi ƙarfin ɗaliban nazarin ƙasa da tsara birane na jami'a da na Kwalejin Nuhu Bamalli ba, kuma masu unguwanni sun san iyakar kowanne da sunansa. Na biyu, Masarautar Zazzau da ƙaramar hukuma da gwamnatin jiha su haɗu su ware manyan cikinsu a rubuce, a haramta sayarwa da gini a kansu. Na uku, a samar wa unguwa wurin zuba shara da mai kwashewa, domin hana mutum zubawa ba tare da an nuna masa wani wuri ba aikin banza ne. Na huɗu, a gyara gaɓa ta zama gangare, a killace wurare masu zurfi, a dasa itatuwa, a ajiye wuraren zama, har da ɓangaren da mata da ƙananan yara za su sake. A zuba kifin da zai rage tsutsar sauro, a ci gaba da rabon maganin tsargiya, a kuma koya wa yara iyo a hannun manya a ruwa mai tsabta, tunda hani da bulala bai taɓa raba yaro da ruwa ba. Ƙungiyoyin matasan unguwa da ke aikin gayya su yashe kwata kafin damina za su iya ɗaukar kududdufi guda su riƙe shi amana.

Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Magabatanmu sun hango, suka bar wa ruwa mazauninsa a cikin gari. Mu muka zo muka sare rimin, muka cike ramin, muna kuma mamakin ambaliya. Ranar da za mu koma, na sake bi ta lungun nan ni kaɗai. Na tarar da wasu yara uku a tsugune a bakin ɗan ruwan da ya rage, sun ture kainuwa da sanda, sun jefa fatsa a tsakanin ledoji suna jira. Na tambaye su ko ana samu. Babbansu ya ce, "Baba, jiya mun kama ɗaya." Saboda su na rubuta wannan. Allah Ya ba shugabanninmu ikon dubawa, mu kuma Ya ba mu ikon kame hannunmu.